Lambobi biyar da shaidunsu: yadda ake tantance malejin tsohuwar mota mai ƙwanji

A manyan kasuwannin gwanjon tsofaffin motoci na Amurka, irin wanda kamfanin Barrett-Jackson ke ci duk watan Janairu a garin Scottsdale na jihar Arizona, ko wanda kamfanin Mecum ke shiryawa a Kissimmee ta jihar Florida, akwai wata magana da ake yawan gani a takardar bayanin mota: wai ana kyautata zaton malejin da ke jikinta shi ne na asali. Wanda ya daɗe a harkar yakan tsaya a kan kalmomin nan na “kyautata zato”, domin ya san da su ne mai mota da dillalinsa ke zame jikinsu daga alhakin lambar, su bar mai saye da ita. A wasu tallace-tallacen kuma haruffa uku kawai ake rubutawa, TMU, ma'ana ba a san ainihin nisan tafiyar da motar ta yi ba. Abin da maganganun biyu ke nunawa shi ne, lambobin da ke gaban direba da'awa ce kawai, kuma mai da'awa shi ke kawo shaidu.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato motoci masu ƙofa biyu, matsakaitan jiki, da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas. Galibi ana fara lissafin zamaninsu daga 1964, shekarar da sashen Pontiac na kamfanin General Motors, inda John DeLorean yake babban injiniya, ya fito da GTO mai injin kimanin lita 6.4. Kafin a ankara sauran sun biyo sahu: Chevelle SS daga Chevrolet, Charger daga Dodge, Road Runner da Cuda daga Plymouth, sai Mustang masu manyan injuna daga Ford. Yayinsu bai yi nisa ba, domin tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da takunkumin man fetur na 1973 sun taru sun kashe kasuwar cikin shekara goma. Waɗanda suka rage yau sun zama dukiya. A 2014 an sayar da wata Cuda samfurin 1971 mai buɗaɗɗen rufi da injin Hemi, wato ƙaton injin kamfanin Chrysler, a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle. Ko a motocin da ba su kai wannan matsayi ba, tazarar kuɗi tsakanin wadda aka tabbatar ta yi mil 20,000 da 'yar'uwarta da ta yi mil 120,000 babba ce ƙwarai, kuma abin damuwar shi ne, a fuskar agogon maleji su biyun lamba ɗaya suke nunawa.

Dalilin haka yana cikin ƙirar na'urar kanta. Abin da direbobinmu ke kira maleji abu biyu ne a gida ɗaya: allurar da ke nuna gudu, wadda ake cewa wane ya ƙure ta, da jerin lambobin da ke tara nisan tafiya. A motocin wancan zamani babu kwamfuta a wannan aiki. Wata waya ce mai lanƙwasa, cikin kube, ke tasowa daga wutsiyar giyabos, inda wata 'yar giyar roba ke juya ta, ta haura zuwa bayan dashbod, tana juyawa kimanin sau 1,000 a kowane mil guda, wato kilomita 1.6. Juyin nan ne ke motsa wasu zobba masu lambobi daga sifili zuwa tara, kowanne idan ya kammala zagaye sai ya tura maƙwabcinsa taki ɗaya. Zobba biyar ne na cikakken mil, sai na shida mai wani launi dabam da ke ƙirga gutsuren mil. Da zarar sun kai 99,999.9, taki na gaba yana mayar da su sifili gaba ɗaya kamar ranar da motar ta fito daga masana'anta, kuma a galibin motocin babu wata alama da ke saura don nuna cewa an zagayo.

Masu ƙera motocin ba su ga dalilin ƙara zobe ba, domin a lokacin motar da ta cika mil 100,000, kusan kilomita 161,000, ana ɗauka ta gama aiki. Matsakaiciyar tafiyar motar gida a Amurka a shekarun nan kimanin mil 10,000 ce a shekara, don haka motar da aka saya a 1969 aka riƙa zuwa aiki da ita kullum, agogonta ya zagayo tun wajen 1979. Idan aka ga Chevelle samfurin 1969 tana nuna 38,412, to yana iya zama 38,412 ɗin, yana iya zama 138,412, yana ma iya zama 238,412. A ganina hankali ya fi karkata ga karatu na biyu har sai an kawo abin da zai rushe shi, domin waɗannan motoci ba don ajiya aka saye su ba. Samari ne suka fi sayensu, kuma da fetur ya yi tsada a tsakiyar shekarun 1970 sun zama kwantai, ana sayensu da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, a more su har su mutu.

Zagayowar agogo ba laifin kowa ba ce, laifin yana inda hannun mutum ya shiga. Duk wanda ya taɓa neman mota 'yar Kwatano ya san maganar mayar da maleji baya, sai dai abin da yau ake yi da kwamfuta, a da da sukundireba ake yinsa. Ana kwance agogon daga dashbod, a zare sandar da zobban ke kai, a juya zoben dubu goma-goma da yatsa, a mayar. Wanda ba ya son wannan wahala ma sai ya zura hannu ya kwance wayar daga bayan agogo, ya yi ta tafiyarsa lambobi na tsaye cak. Kada a ɗauka ƙananan dillalai ne kaɗai suka san dabarar. A 1987 gwamnatin Amurka ta gurfanar da kamfanin Chrysler kan cewa manyan ma'aikatansa sun riƙa hawa sababbin motoci da malejin a kwance, sannan a sayar da su a matsayin sababbi fil, motoci kimanin 60,000, har shugaban kamfanin, Lee Iacocca, ya fito fili ya nemi afuwa. Akwai kuma ɓarnar da babu mugun nufi a cikinta: wayar kan bushe ta tsinke mai mota ya share ta, ko agogon ya lalace a ciro na wata matacciyar mota a ɗaura, da lambobin waccan motar a jikinsa. Ana yawan cewa a duba ko lambobin sun jeru a layi ɗaya, wai idan ɗaya ya karkace to an taɓa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma yana da kyau a haska tocila a nemi ƙarzane a jikin zobban, amma shaida ce mai rauni, domin ƙwararre yakan mayar da su su zauna daram, agogon da ba a taɓa buɗewa ba kuma yana iya karkacewa don tsufa.

Wata matsalar kuma ta fi shafar irin waɗannan motoci. Agogon juyawar sandar da ke fita daga giyabos yake ƙirgawa, sannan ya mayar da ita mil bisa zaton cewa giyar aksil na baya da girman taya suna nan yadda masana'anta ta sa su. Su kuwa masu motocin babu abin da suka fi so kamar sauya giyar aksil don mota ta riƙa fizga daga tsaye. Wanda ya cire giya mai lissafin 3.08 ya sa mai 4.10, bai kuma sauya 'yar giyar robar nan ta wutsiyar giyabos ba, agogonsa zai riƙa ƙari da kusan kashi ɗaya cikin uku, tafiyar mil 30,000 ta bayyana kamar 40,000. Wanda ya sa manyan tayoyi a baya kuma, nasa ragi zai riƙa yi. Ke nan ko agogon da ba a taɓa yi wa maguɗi ba yana iya kuskure da dubban mil, shi ya sa mai bincike yakan ɗaga bayan motar ya juya taya, ya ƙirga sau nawa furofela ke juyawa, ya gwada da abin da takardun masana'anta suka ce.

Doka ba ta share wa mai saye hawaye yadda zai so ba. Sai a 1972 Majalisar Dokokin Amurka ta mayar da taɓa maleji laifi a matakin tarayya, lokacin da yawancin waɗannan motoci sun riga sun shekara da shekaru a kan hanya. A 1986 aka ƙara wata dokar da ta wajabta rubuta maleji a jikin takardar mallaka duk lokacin da mota ta sauya hannu, da wurin da mai sayarwa zai nuna ko lambar ta gaskiya ce, ko ta zarce iyakar abin da agogon ke iya ƙirgawa, ko ba abar dogaro ba ce. Sai dai ƙa'idojin sun ɗauke wa motar da ta shekara goma wannan nauyi, kuma ko da aka tsawaita wa'adin zuwa shekara ashirin daga farkon 2021, samfurin 2011 zuwa sama kaɗai ya shafa. Don haka a takardar mallakar motar 1970 sau da yawa kalmar yafewa kawai ake gani a gurbin lamba. Abu ɗaya mai amfani da dokar ta bari shi ne, wanda ya gyara agogo ya kasa mayar da shi kan lambarsa, dole ya sa shi a sifili ya manna sanarwa a jikin ginshiƙin ƙofar hagu mai ɗauke da tsohuwar lambar da ranar gyara, shi ya sa ake leƙa wurin. Kamfanonin tarihin mota irin su Carfax ma ba su da abin cewa a nan, saboda rumbunsu ya dogara da lambar shasi mai gurbi 17 da aka daidaita daga samfurin 1981, alhali ta motocin General Motors da Chrysler na ƙarshen shekarun 1960 gurbi 13 ce, ta Ford kuma 11.

Shaidu na farko takardu ne, amma a nan ma sai an rarrabe, domin masu talla sukan cakuɗa iri biyu da gangan. Akwai takardun da ke tabbatar da asalin mota, irin takardar farashi da dokar 1958 ta wajabta a manna a gilashin kowace sabuwar mota, da takardar haɗi da ma'aikatan masana'anta kan cusa cikin sifirin kujerar baya, da ɗan allon ƙarfe na garanti da General Motors ke bai wa mai sayen farko, Protect-O-Plate, da rahoton da kamfanin Marti ke fitarwa daga bayanan masana'anta kan motocin Ford daga samfurin 1967, da kwafin daftarin masana'anta da Pontiac Historic Services, masu ajiye tarihin motocin Pontiac, ke bayarwa. Waɗannan suna da daraja matuƙa wajen tabbatar da cewa GTO ɗin nan a GTO aka haife ta, ba LeMans, 'yar'uwarta ta gama-gari, ce aka yi wa kwalliya ba. Amma dukkansu labarin ranar suna suke bayarwa, lokacin da agogo ke kan sifili, kuma ba su san komai ba game da shekara hamsin da suka biyo baya.

Takardun da ke magana kan maleji su ne ƙananan da mutane ke zubarwa: rasit ɗin juyen baƙin mai, littafin garanti da dila ke buga wa hatimi, takardar binciken lafiyar mota ta jiha, rasit ɗin taya ko batir, da 'yan takardun da gidajen mai ke mannawa a bakin ƙofar direba, an rubuta rana da maleji a kansu da biro. Darajarsu tana cikin jeruwarsu. A ɗauka Chevelle ɗin nan tana da rasit na 1971 mai 21,300, da na 1973 mai 30,900, da na 1975 mai 35,700, sai shaidar cewa an daina sabunta lambarta a 1977, sai hotunan ranar da aka jawo ta daga inda aka ajiye ta. Wannan sarƙa ce mai ma'ana, tana nuna mutumin da ya riƙa rage tafiya a hankali har ya ajiye. Amma da a ce bayan rasit na 1971 sai na 1994 mai 36,000, to akwai giɓin shekara 23 a tsakiya, kuma mil 100,000 na iya shigewa ta cikinsa ba wanda ya sani. Takarda ɗaya tak mai 74,000 a 1976 ta isa ta rushe da'awar baki ɗaya. Shi ya sa masu bincike ke ɗaga 'yan takardun bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, saboda an saba manna sabuwa a kan tsohuwa, kuma ta can ƙasa wani lokaci takan faɗi abin da mai motar kansa bai sani ba.

Idan takardu sun ƙare sai a koma ga jikin motar, kamar yadda mai sayen sa a kara ba ya tsayawa kan shekarun da dillali ya faɗa, sai ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙori. Abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin tsufan shekaru da cin aiki. Rana da zafi suna fasa robar dashbod, su koɗe fenti, su busar da robobin ƙofa, ko da motar ba ta motsa ba. Amma shekaru kaɗai ba sa cinye gefen robar fedar birki har ƙarfe ya leƙo, ba sa huda kafet daidai inda dugadugin direba ke zama, ba sa goge sitiyari ya yi santsi a inda hannu ke kamawa, kuma ba sa sa gefen kujerar direba ya lotsa a wurin da ake zamewa a fita. Motar da ta yi mil 38,000 robar fedarta tana da sauran zane, kujerar direba kuma ba ta yi nisa da ta fasinja a kamanni ba. Makullin asali ma yana magana, domin wanda aka murɗa sau dubbai haƙoransa sukan dakushe, raminsa ya yi sako-sako.

Ƙofar direba tana cikin shaidun da ke da wuyar saye. Ƙofofin waɗannan motoci dogaye ne masu nauyi, tunda ta nan ake shiga kujerar baya, kuma nauyin duka yana rataye a kan hinji biyu masu ƙananan bushin. A buɗe ƙofar kaɗan, a kama ƙarshenta daga ƙasa, a ɗaga sama. Idan ta motsa har aka ji ƙwas, bushin ɗin sun cinye, kuma za a ga inda take gugar maƙallinta a jikin bodi lokacin rufewa. Sai a zagaya a yi wa ƙofar fasinja haka a gwada. Daga nan a tsaya gaban motar da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan gilashin gaba a karkace. Gilashin da ya sha doguwar tafiya yana cike da ɗigo-ɗigon yashi da tsakuwa, yana ƙyalli kamar an watsa masa gishiri, ga zanen baka da waifa ta bari. A kusurwarsa akwai tambarin kamfanin da ya yi shi da alamar lokacin da aka yi shi, wanda ya kamata ya riga ranar haɗa motar da 'yan makonni ko watanni. Idan gilashin na asali ne kuma sumul yake, an samu shaida mai ƙarfi. Idan an sauya shi, sai a tambayi dalili.

A ƙarƙashin mota ne magana ta fi fitowa fili, domin masu kwalliyar sayarwa ba kasafai suke kai hannu can ba. A motocin General Motors na wancan zamani, da ribiti masana'anta ke kama bol-joyin na sama a jikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, bakanike kuwa idan zai sauya shi sai ya sare ribitin ya ɗaura sabo da noti. Kan ribiti a wurin yana nufin ba a taɓa sauyawa ba, noti kuma yana sa mutum ya tambayi abin da ya cinye bol-joyin a mil 38,000. A da yawa daga cikinsu kuma, gaɓoɓin furofela da narkakkiyar roba aka kulle su a masana'anta, waɗanda aka sauya kuwa da zoben ƙarfe ake kulle su. Ana auna faɗin cikin gangar birki a ga nawa ta ci, a duba ko shokazoba da wayoyin fulogi da tiyon lagireto na asali ne. Tayoyin zamanin, irin su Polyglas na Goodyear da Wide Oval na Firestone, ba su da tsawon rai, balle a ƙarƙashin injin da ke sa su hayaƙi, don haka motar da aka ce ta yi mil 9,000 ana sa ran ganin tayoyinta na farko, a jikinta ko a ajiye.

Injin ma yana da nasa bayanin. Hawa da saukar fistin na cin bangon silinda kaɗan-kaɗan, amma ringi ba ya kaiwa can ƙololuwa, sai a bar wani ɗan tudu a bakin silindar wanda farce ke iya kamawa a injin da ya sha aiki. Yanzu ba sai an kwance kan inji ba, ana zura 'yar kyamara ta ramin fulogi a ga ko zanen gicciye da masana'anta ta bari a bangon yana nan, a gwada matsin kowace silinda, a girgiza sandar totur a jikin kafireto a ji ko ta saki. Sai dai kafin a karɓi shaidar inji dole a tabbatar shi ne na motar. Daga wajen 1968 ana buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da giyabos, kuma idan lambobin ba su dace ba, lafiyar injin ba ta ce komai ba game da tafiyar bodin. Injuna da yawa sun fashe tun motocin na cikin garanti, kuma waɗanda Chevrolet ta bayar a madadinsu ana gane su da haruffan CE a wurin lambar. Ko na asalin ne, idan an taɓa yi masa garambawul ya fita daga sahun shaidu.

Babban abin lura, a nawa ganin, shi ne kusan duk abin da aka ambata ana iya samunsa sabo a kasuwa. Robar feda 'yan daloli ce, kafet da rigar kujera ana ɗinka su daidai da na asali, har wayoyin fulogi da gilashi ana buga su da alamar lokacin da mutum ya nema. Don haka shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, sai bakin shaidun ya zo ɗaya. Sabuwar robar feda fil a motar da sitiyarinta ya goge ta fi tsohuwar roba tayar da hankali. Motar da aka yi wa cikakken sabuntawa kuwa, aka raba bodi da shasi, aka kankare da yashi, aka sake fenti da kujeru da inji, an kashe shaidunta gaba ɗaya, komai kyan niyyar wanda ya yi aikin. Wasu masu sabuntawar ma sifili suke mayar da agogon, lambar ta koma ƙirga tafiyar bayan gyara. A irin wannan mota, in babu sarƙar takardu da hotunan kafin gyara, zancen ƙarancin maleji labari ne kawai, kuma bai kamata a ƙara ko dala ɗaya a kansa ba. Wannan ne ya sa motocin da ba a taɓa ba, masu fentin masana'anta ko da ya koɗe, suka samu daraja ta musamman a kasuwar.

Ko an tabbatar da ƙarancin malejin, saura a san wace irin tafiya ce. Da yawa daga cikin motocin da suka fi ƙarancin tafiya, irin masu injin Hemi na lita 7 ko Camaro ZL1 da aka ƙera guda 69 kacal a 1969, don filin tsere aka saye su, inda tsawon tseren rubu'in mil ne, kimanin mita 400. Motar da ta tara mil 3,000 a irin wannan fili ta sha azabar da motar matafiyi ba ta sha ba a mil 80,000 na babbar hanya. Ana gane ta da ƙarfen janyo mota da aka yi wa walda a gaban shasi, da bakin bodi na wajen tayoyin baya da aka yanke ko aka lanƙwasa, da ramukan da aka huda don ƙarin agogo ko ƙarfen kariya. Kamfanonin ma sun san abin da ake yi da motocin, domin a lokacin da Chrysler ke ba da garantin shekara biyar ko mil 50,000 a kan sauran injunanta, na Hemi wata 12 ko mil 12,000 kawai take ba shi.

Zama ma yana da tasa ɓarnar. A watan Satumba na 2013 an yi gwanjon motoci kusan 500 na wani tsohon dilan Chevrolet, Lambrecht, a ƙaramin garin Pierce na jihar Nebraska, cikinsu har da sababbin da ba a taɓa sayarwa ba tun shekarun 1950 da 1960. Wata a-kori-kura samfurin Cameo ta 1958 mai mil 1.3 a agogonta ta tashi a kan dala 140,000. Malejin sababbin nan babu shakka a kansa, tunda ba su taɓa barin hannun dilan ba, amma da yawa daga cikin motocin wurin a fili suka yi shekaru, rana da ruwa da tsatsa suna cinsu. Motar da ta daɗe a tsaye robobinta kan bushe su fara yoyo, man birki ya sha danshi ya ci bututu, fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto, ringi kuma ya manne a silinda.

Idan aka dawo kan Chevelle mai 38,412, in sarƙar takardunta ta tafi ba yankewa, ribitin yana nan, gilashin na asali ne kuma bai sha yashi ba, ƙofa ba ta sauka, to ana iya biyan kuɗin ƙarancin maleji, amma a nemi mai sayarwa ya rubuta lambar a takardar ciniki a matsayin ta gaskiya ya sa hannu, domin rubutu mai sa hannu shi ne abin da kotu za ta iya kamawa idan ƙarya ta bayyana daga baya. In babu takardu amma sassan jikin duk bakinsu ɗaya, ana iya ƙara ɗan wani abu bisa ƙarfin zato. In kuwa an sabunta ta kuma babu takarda, ko mai sayarwa ya ƙi sa hannu ya koma ga maganarsa ta kyautata zato, sai a yi mata kuɗi a matsayin motar da ta yi mil 138,412, a duba ingancin gyaran da tsatsar shasi da dacewar lambobin inji, a yi ciniki a kan waɗannan.